Ra'ayinmu: Kuskuren Kalma, Asarar Damina

Sau da yawa in ɗalibai sun zauna hira, akan taɓa gardama a kan kalmomin Ingilishi waɗanda ba su da takwara a Hausa, a yi raha a watse. Mu kuwa a ganinmu maganar ta wuce raha. Mai shakka ya leƙa ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya ga wanda ke biyan kuɗin kalmar da ba a fassara daidai ba.

A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Shirin ya kawo hanyoyi da taki da sabon irin masara, ya kuma kawo baƙin kalmomi. Waɗansu an yi musu masauki mai kyau. Fertilizer ta zama takin zamani, extension agent ya zama malamin gona, ba kuwa manomin da ya taɓa neman ƙarin bayani. Waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye sun dubi aikin abin, suka ba shi suna daga abin da manomi ya riga ya sani.

Amma ina hybrid? Yawanci akan haɗa ta da sauran iri a ce ingantaccen iri, alhali abu biyu ne. Akwai ingantacciyar masarar da manomi zai iya ware iri daga girbinta ya shuka baɗi. Ita kuwa hybrid, watau wadda aka samu ta auratar da iri biyu, in ya shuka 'ya'yanta amfanin raguwa yake yi, gonar ta fito wata doguwa wata gajeruwa. Wanda aka gaya wa ingantacce kurum, zai yi yadda ya gada daga kakanni, ya kuma yi asarar damina guda.

Haka nan pesticide da herbicide, waɗanda muka mayar maganin ƙwari da maganin ciyawa. A kunnen Bahaushe magani abin warkarwa ne, abin da ke cikin galan ɗin nan kuwa guba ce. Ba mamaki a ga mai feshi ba safar hannu, ko a ɗauraye galan a zuba ruwan sha. Ga kuma hekta, wadda ake rikitawa da eka, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya fesa awon hekta a eka guda ya ninka gubar fiye da sau biyu.

Wannan ba gazawar Hausa ba ce. Wace kalma guda ce a Ingilishi ta ɗauke ma'anar gandu, ko gayauna, ko gayya? Kowane harshe da inda ya fi ƙarfi. An kuma yi aiki, tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai ƙamus a kan kanta ba ya isa bakin kunya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, domin mu ne tafintocin iyayenmu. Inda ba kalma guda, a faɗi jimla, kada a ji nauyin tsawonta. A ce iri mai aure wanda ba a maimaita shi, a ce gubar kashe ƙwari. Muna kuma roƙon masanan aikin gona na Samaru da malaman Hausa na jami'o'inmu su zauna tare, su gwada kowace sabuwar kalma a kasuwar Funtuwa kafin a buga ta a jikin buhu.

Da kuɗin auduga da masara aka tura yawancinmu makaranta. Lalle mafi ƙarancin sakayya shi ne mu gaya wa manomi gaskiyar abin da ya saya, cikin harshen da yake ji.