Hassada dalili ce, ba hujja ba

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Wannan karin magana lallashi ne ga wanda ake yi wa hassada, bai taɓa wanke mai hassadar ba. Ga alama bambancin yana neman shige wa wasu matasa duhu, kuma wani wasan kwamfuta na Amurka ne ya tona haka.

Wasan shi ne Five Nights at Freddy's, wanda Scott Cawthon ya fitar a 2014, aka mai da shi fim a 2023. Labari ne na ban tsoro: gidan cin abinci na yara, da mutum-mutumi masu yawo da dare, da William Afton, mai kisan yara. Shi da Henry aminai ne, tare suka kafa sana'ar. A cikin wasan, ɗiyar Henry tana cikin waɗanda Afton ya kashe. Littafin The Silver Eyes na 2015 ya nuna Henry ne mai basirar ƙira, Afton kuwa ya cika kundayensa da zancen amininsa, wani wuri da zafin kishi, wani wuri kamar mai bauta masa.

Daga nan wasu masoya wasan suka gina fassararsu: wai Afton ba mugu ba ne tun asali, aboki ne da ya gaji da zama a bayan abokinsa, don haka abin tausayi ne. Wayar salula ba ta san iyaka ba. Abin da ake faɗa a can yana iya isa hannun ɗan lise na Birnin Ƙwanni, ko Malbaza, ko Illela, kafin malaminsa ya ji labari.

Fassarar tana da rabin gaskiya, kuma nan haɗarinta yake. Hassada a kusa take tsira. Mai rumfa a kasuwar Ƙwanni ba ya kwana da ciwon attajirin Dubai, maƙwabcin rumfarsa ne ke hana shi barci. Amma gane mafarin laifi daban, yafe laifin daban. A duba wanda fassarar ta manta: yaran da aka kashe. An cika fage da ɓacin ran mai kisa, su kuwa sun koma kayan ado a cikin labarinsa. Har Henry, wanda aka ci amanarsa, ya zama mai laifi don kawai Allah ya ba shi baiwa.

Adabin Hausa ya daɗe da sanin irin wannan mutum. A cikin Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka fara bugawa a 1937, Waziri shi ne mafi kusa da Sarki Abdurrahman, kuma shi ne ya haɗa baki da abokan gaba saboda kwaɗayin gadon sarauta. Imam ya buɗe wa mai karatu zuciyar Waziri sarai, amma bai nemi a yi masa kuka ba. Haka ƙissar Habila da Ƙabila, haka ta ƴan'uwan Annabi Yusuf: an bayyana ciwon mai hassada, ba a mai da rijiya ko jini abin uzuri ba.

Laifin manya shi ne raini. Malamin da ya ƙwace waya ya ce shirmen Turawa ne, ya bar yaro da fassarar, ya kuma rasa damar gyara ta. Alhali batun yana zaune a cikin ajinsa: aminai biyu a benci ɗaya, sakamakon BEPC ya fito, ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi, sai a ji wanda ya faɗi yana yaɗa cewa da asiri ko da satar amsa abokinsa ya wuce. Yaron da ya koyi cewa zafin zuciya yana halatta cuta, gobe da abokinsa zai fara.

Saboda haka ya kamata malaman Hausa da na Faransanci su shigo da Afton cikin aji, su ajiye shi kusa da Waziri, su sa ɗalibai muhawara: me ya sa ya yi, kuma wa ya biya? Ƙungiyoyin al'adu su ɗora tambayar a dandalin wasan kwaikwayo, su ba iyayen yaran da aka kashe baki su yi magana. Ɗalibin da ya amsa tambaya ta farko ya tsallake ta biyu bai gama karatun labarin ba.