Raddi Ga Masu Cewa Shakespeare Ne Ya Ƙirƙiro "Dwindle"

An daɗe ana yayatawa a azuzuwan Turanci cewa Shakespeare shi kaɗai ya ƙirƙiro kalmomi 1,700, kuma jerin da ake kawowa ba a cika rasa "dwindle" a ciki, wato abu ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har ya kusa ƙarewa. Masu wannan da'awa sun yi gaggawa.

Babbar hujjarsu ita ce ƙamus. Suka ce wuri mafi daɗewa da ake ambato ga kalmar shi ne wasansa na Henry IV, kashi na ɗaya, wanda aka buga a 1598. Mun ji. To amma ƙamus shaidar rubutu kawai yake bayarwa, ba ya cewa ga bakin da kalma ta fara fita. Ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, da gutsattsarin takardu aka haɗa shi. Masu sa kai ne suka riƙa kwafo jimloli daga littattafai suna aika wa editan ƙamusun, James Murray, da abokan aikinsa. Shakespeare kuwa kowa ya karanta shi, ga fihirisar kalmominsa da Mary Cowden Clarke ta riga ta tsara, don haka misalansa suka fi saurin zuwa hannu. A 1980 wani masani, Jürgen Schäfer, ya nuna cewa kalmomi da dama da ake jingina masa sun riga shi bayyana a rubutun wasu.

Suka ce kuma kalmar ba ta da tushe kafinsa. Nan ne suka fi yin tuntuɓe. Tsohon Turanci na da "dwinan", wato ramewa ko ƙanjamewa, ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi a 1564. Ta zama "dwine", wadda ta ci gaba da rayuwa a bakin mutanen Sikotilan da arewacin Ingila, kuma 'yar'uwarta "verdwijnen", wato ɓacewa, tana nan a harshen Holan har gobe.

Saura ɗafa-ƙeyar "-le", da wasu ke cewa ai ita ce gudunmawarsa. Ita ma tsohon hannu ce, aikinta nuna maimaituwa, kamar yadda Bahaushe ke mayar da yanka ya koma yayyanka. Da ita "spark" ta haifi "sparkle", tun kafin zamaninsa.

A dubi ma inda kalmar ta fito a wasan. Falstaff ne, ƙaton mutum mai tumbi, yake kukan wai yana ramewa. Abin dariyar ke nan. Masu kallo na tsaye, waɗanda suka biya kwabo ɗaya a ƙofa, ba su da lokacin tsayawa tambayar ma'ana. In ba su gane kalmar nan take ba, barkwancin ya mutu.