Igiyar da Alain Robert bai raina ba

A shekarar 2011, Bafaranshen nan Alain Robert, wanda ya shahara da hawan dogayen gine-gine da hannu da ƙafa kawai, ya hau Burj Khalifa na Dubai mai tsawon mita 828. Ya shafe fiye da awa shida yana hawa. Samarinmu masu sha'awar bidiyonsa ba sa faɗin cewa mahukunta sun sharɗanta masa ɗaura igiyar kariya, kuma ya ɗaura.

To, me zai sa magini a zangonmu ya hau bene hawa huɗu, a kan katako mai rawa, da silifas a ƙafa, don gudun kada a kira shi matsoraci? Robert ganin dama ya kai shi sama, ɗanmu kuwa neman abin sakawa a baki. Idan ya faɗo, ɗan kwangila ya leƙo ta'aziyya sau ɗaya, ɗawainiyar marayu ta dawo zauren sarkin zango. Akan ce ajali ne. Haka ne, amma malamanmu ba su koya mana cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba.

Muna roƙon shugabannin magina su ƙi karɓar aikin bene matuƙar ba a kawo igiya da hular kwano ba.