Maganin kansa da ƙwayar birus: mu yi murna, amma da hankali

Labari na yawo a WhatsApp cewa Turawa sun gano maganin kansa da ƙwayoyin birus. Akwai gaskiya a ciki, sai dai mu masu magana a radiyo wajibi ne mu faɗe ta duka, har da inda ba ta da daɗi.

Ga yadda abin yake. Masana kan ɗauki birus su sauya shi a ɗakin bincike, ta yadda zai fi hayayyafa cikin ƙwayoyin kansa. In ya shiga, sai ya yi yawa har ƙwayar ta fashe, fashewar kuma ta ankarar da garkuwar jiki ta zo ta taya yaƙi. Da ɗan gari kan ci gari ke nan. Ƙasar Sin ta amince da irin wannan magani tun 2005. A 2015 Amurka ta amince da Imlygic don wata kansar fata mai tsanani, an kuwa yi shi da birus ɗin da ke fidda ƙuraje a leɓe. A 2021 Japan ta amince da wani don kansar ƙwaƙwalwa.

To ina matsalar? A babban gwajin Imlygic, kusan kashi 16 cikin ɗari ne suka samu sauƙin da ya ɗore wata shida ko fiye. Kansa taurin kai gare ta. Jiki na iya kashe birus ɗin tun bai kai ga ƙarin ba, shi ya sa ake yin allurar a cikin ƙarin kansa. Kuma ƙwayoyin da ke cikin ƙari ɗaya ba duka iri guda ba ne: wasu su mutu, masu jurewa su rage, su hayayyafa, ciwon ya dawo ba ya jin magani. Ga tsada, ga ajiya cikin sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili. A Tawa ko Damagaram, da wannan wuta tamu mai zuwa da tafiya, ina za mu adana shi?

Shi ya sa muke jin tsoron wannan labari in ya zo rabi. Mai ciwo zai iya barin shimiyo ɗinsa yana jiran “sabon magani”, ko ya faɗa hannun mai sayar da ruwa cikin kwalba da sunan birus. Katse magani kuwa dama ce ga ƙwayoyin da suka rage su sake yaɗuwa.

Abin da ke hannunmu yau a fili yake. Tun 2021 ana gashin kansa a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai. Uwa ko ƴar'uwa da ta ji kullutu a nono, a kai ta likita yanzu, tun ƙarin na ƙarami. Wanda ya fara magani, dangi su dafa masa da kuɗin mota da masauki har ya gama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.