BIRNIN GWARI: MUN KOMA GONA, SAURA MU AUNA RUWA DA ƘASA

Rubutun yau da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman 'yan uwana mutanen Birnin Gwari na gida da na waje.

Kwanakin baya na je gida gaida kawuna. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari shekara biyar da suka wuce ya san yadda ake shiga mota ana yafe wa juna. Wannan karon kuwa har gyangyaɗi na yi a hanya. Tun bayan sulhun da aka yi a ƙarshen watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi kimanin shekara goma a rufe, mutane da yawa sun koma gonakin da suka gudu suka bari. Ban ce komai ya daidaita ba, kuma na san akwai masu ja da sulhun kansa. Wannan muhawara ce ta wata rana.

Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa wata gonarsa da ya yi shekaru bai taka ba. Masara ta fi ni tsawo, ganyen nan kore shar. Yana murmushi ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Ko rabin takin da na saba zubawa ban zuba ba." Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

A hanyar dawowa muka tsallaka wani rafi, kuma abin da na gani a nan ne ya sa ni wannan rubutu. Daga sama samari suna wankin garin dutsen zinari, ruwan ya koma kamar kunu. Ƙasa kaɗan wani yaro yana ɗauraye injin feshi. Ƙasa da shi shanu suna sha. Can ƙasa kuma mata sun jera jarkoki suna ɗiba. Duk a rafi ɗaya, kana iya hango su gaba ɗaya daga inda kake tsaye. Na ce, "Kawu, wannan ruwan ake sha?" Ya ce, "To me za a sha? Ai ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa."

Ban yi musu da shi ba, ba a musu da babba a kan babur. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, domin mun ga inda irin wannan tunani ya kai maƙwabtanmu.

A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sun riƙa shiɗewa suna mutuwa, ana cewa zazzaɓi ne, wasu na cewa iska ce. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jinin yaran aka gano gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinari yana ɗauke da dalma, ana kai shi cikin gidaje ana daka shi ana niƙa shi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka riƙa kankare ƙasar tsakar gidaje ana zuba sabuwa kafin a iya yi wa yaran magani, domin in ka ba yaro magani ka mayar da shi cikin gubar, aikin banza ka yi. Garin Bagega bai samu wannan gyara ba sai a 2013.

Idan Zamfara ta yi maka nisa, to ga na kusa. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Rafi fa iyaka muka haɗa da su, duk mai bin hanyar Tegina ya sani. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da Bahaushe ya ce ka yi wa naka.

Kada wani ya ɗauki rubutun nan ya ce na ce ruwan Birnin Gwari akwai guba. Ba kowane dutsen zinari ne ke ɗauke da dalma ba, wani rami yana da ita, wani babu. Matsalar ita ce ido ba ya bambancewa. Dalma ba ta da wari a ruwa, ba ta da ɗanɗano, ba ta canza masa kala. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cutar amai da gudawa, amma ba ya cire dalma. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma garau ba shi ne lafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan miligiram 0.01 cikin lita ɗaya, kuma ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira shi marar illa. Wadda ba ta kashe yaro ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi.

Ga kuma zaiba, wadda masu wanki ke amfani da ita don kama zinari sannan su ƙona ta a wuta. Hayaƙin yana shiga huhun mai ƙonawa da na kusa da shi. Wadda ta zube a rafi kuwa tana kwantawa a laka, ta shiga jikin kifi, ta dawo cikin tukunyar miya. Abin da ya nakasa mutanen garin Minamata na ƙasar Japan ke nan a shekarun 1950, har duniya ta ƙulla yarjejeniya da sunan garin a 2013, kuma Najeriya na cikinta. Sannan ku tuna ruwanmu ba a nan yake tsayawa ba. Ƙoramun yankin nan da yawa a kogin Mariga suke zuba, Mariga ya zuba a kogin Kaduna. Abin da muka zubar, wani ne zai sha a gaba.

To mu dawo kan gonar Kawu. Wannan kyan da masara ta yi ba sihiri ba ne. Ƙasar hutawa ta yi. Shekarun da muka yi muna kuka, ciyawa da ganye suna ruɓewa a cikinta, saiwoyi suna buɗa ta, tsutsa da gara suna aikinsu. Ajiya ce Allah Ya tara mana a cikin musiba. Amma ƙasar yankinmu ba mai zurfin arziki ba ce, ƙarfinta yana can sama-sama, a 'yar shimfiɗar da garma ke juyawa. In aka yi ta masara bayan masara, ana ƙone karan da ya rage, ana zuba yuriya kaɗai, shekaru kaɗan ajiyar za ta ƙare. Yuriya in ta yi yawa shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami. Daga nan sai ƙuduji ya bayyana, sai ka ji manomi yana cewa takin bana jabu ne, alhali ƙasar ce ta gaji.

Na kuma ga buhunan gawayi jere a bakin hanya, tirela na lodi. Na san talauci ne, mutumin da ya rasa komai dole ya nemi na tuwo. Amma itacen doka da kaɗanya da ɗorawa da ake sarewa su ne ke riƙe ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Dajin Kamuku tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Shekaru mun san shi a matsayin maɓoyar 'yan bindiga har mun manta cewa shi ne inuwar ƙoramun da muke sha. In aka aske gefen rafuka, laka za ta cika su, ta cika madatsar ruwa ta Bagoma da garin Birnin Gwari ya dogara da ita.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Malam, mutane na fama da yunwa kana maganar gwajin ruwa." Na ji, kuma da gaskiyarku ta wani ɓangaren. Amma ku dubi abin da kyau. Rigimar da ta cinye mana shekaru, wani ɓangare na tushenta gona ce da burtali da mashaya. Ranar da gona ta gaji, manomi burtali zai shiga. Ranar da shanu suka sha ruwan wani kududdufi suka faɗi, makiyayi ba zai ce zaiba ba ce ko maganin feshi, cewa zai yi an zuba masa guba da gangan. Kun san abin da ke biyo baya. Sulhun da aka yi a kan takarda, a bakin rafi ne zai ɗore ko ya watse.

Wasu kuma za su ce so nake a hana samari haƙar zinari. A'a. Zinari a ƙasar nan tun zamanin Turawa ake haƙarsa a Tsohon Birnin Gwari, kuma yau shi ke ciyar da gidaje masu yawa. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024, kuma kowa ya san ba a daina haƙa ba a tsakani, ɓoyewa kawai aka yi. Abin da ake ɓoyewa kuwa ba ya gyaruwa.

Abin da nake roƙo mai sauƙi ne: a auna yanzu, tun abu bai yi nisa ba. A ɗebi ruwan Bagoma, da na Mariga, da na rijiyoyi da burtsatse a duk mazaɓunmu, daga Randagi da Kakangi zuwa Kuyello da Dogon Dawa, sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani. A ɗebi ƙasar tsakar gida a garuruwan da ake niƙa dutse. A gwada jinin ƙananan yara a wuraren. A ɗebi ƙasar gonakin da aka koma, a rubuta ƙarfinta na yau, don bayan shekara uku in an sake aunawa mu san gaba muke yi ko baya.

Masu aikin ba sai an ɗauko su daga Turai ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana Samaru, Zariya, tun 1922 ake binciken ƙasa da iri a wurin. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana Mando, a kan hanyar da muke bi kullum in za mu gida. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga jami'ar jihar Kaduna. Da can uzurin shi ne ba a iya shiga yankin. Yanzu tirelar masara na shiga, tirelar gawayi na shiga, mai sayen zinari na shiga. Mai kwalbar gwaji ne kaɗai hanya ba za ta ɗauka ba?

Amma da sharaɗi. Mun gaji da binciken da za a zo a ɗebi ruwan rijiyarka, a tafi a rubuta kundin digiri da Turanci, a ajiye a kanta, kai da ka ba da ruwan ba za ka sake jin labari ba. Duk wanda ya auna ya dawo ya faɗa mana da Hausa da Fulatanci, a fadar dagaci, a masallacin Juma'a, a coci, a rediyo, a kasuwar kara: wannan rijiya a sha, waccan a bar ta. Masarauta da ƙaramar hukuma da 'yan majalisarmu, wannan aikinku ne ku nema. Ku da kuke zagaye da buhunan taki lokacin zaɓe, ku haɗa mana da malamin gona da zai gaya wa manomi irin takin da gonarsa ke buƙata.

Kafin su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Kada a kai dutsen zinari cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci, kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi. A jiƙa shi kafin niƙa don rage ƙura. Mai aikin rami ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki ɗansa. Kada a ƙona zaiba a ɗaki ko kusa da yara da masu ciki. Kada a wanke injin feshi a rafi, kuma robar maganin ciyawa ba ta zama gorar ruwa ko ta man gyaɗa, komai wankin da aka yi mata. A gona kuwa, bana masara, baɗi waken suya ko wake ko gyaɗa. A bar kara ya ruɓe maimakon wuta. A gayyaci makiyayi ya kwantar da shanu a gona bayan girbi kamar yadda kakanninmu suke yi, kai ka samu taki, shi ya samu harawa, ku biyu ku samu gaisuwa. A bar itatuwan bakin rafi.

Da zan taho, matar Kawu ta kawo mini ruwa a kwanon sha, sanyi ƙalau daga randa. Na karɓa na sha, don ba a mayar da ruwan gida. Amma ina sha ina kallon jikokinta uku da ke wasa a ƙasa, su da za su sha shi kullum.

Idan kana da ɗan uwa a IAR ko Mando ko ma'aikatar muhalli ta jiha, tura masa wannan. Idan kuma kana ganin na yi kuskure a wani wuri, ka gyara mini a ƙasa, ina karantawa.

Allah Ya ɗorar mana da zaman lafiya, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu damina mai albarka.