Madobiya da kifin shak: darasin da ke kogin Matan Fada

Madobiya itaciya ce ta dajin savana mai fure rawaya, wadda makiyaya ke sassabo ganyenta su ciyar da shanu da rani. Kifin shak mai kai kamar guduma kuwa mazaunin teku ne, ana samunsa har a Tekun Gini. Abin da ya haɗa su shi ne kasuwa: ana kai gungumen madobiya ƙasar Sin domin kujerun alfarma, ana kai fikafikan shak Hong Kong domin miyar attajirai. Dukansu kuma sai sun shafe shekaru kafin su riƙa, don haka ɗiba ta fi haihuwa sauri.

A takarda, kowanne yana da kariya. Yarjejeniyar CITES ta sanya wannan shak a jerin halittun da ake taƙaita cinikinsu a 2013, madobiya ta biyo baya a 2016. Duk da haka, a 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta ruwaito cewa an halasta gungumen madobiya kusan miliyan 1.4 daga Najeriya da takardun izini da aka sa wa hannu bayan kayan sun bar ƙasar. A 2018 ƙungiyar IUCN ta ayyana madobiya cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 2019 kuma ta kai wannan shak matakin da ya fi haka muni. Takardar izini ta zama abin saye, dajin Taraba ya biya kuɗin.

A Argungu akwai wata hanyar. Ana hana su a yankin Matan Fada na kogin har zuwa ranar gasar kamun kifi, wadda ta samo asali a 1934, UNESCO kuma ta karrama ta a 2016. Sarkin Ruwa ne ke tsaron wannan doka, kuma kowa ya san shi. Wannan hutun ne ke ba giwan ruwa damar ƙasaita.

Madobiya da shak ba su da irin wannan mai tsaro a inda ake sarewa da kamawa. Tambayar da ya kamata matasan Kebbi su yi wa majalisar dokokin jihar ita ce: wa ke ba da izinin sare itace a dazuzzukan jihar, nawa aka bayar bara, kuma wa zai amsa idan dajin ya ƙare?