Jirgin Da Ba Shi Da Farfela, Zai Iya Tsayawa Bisa Gonar Citta?

A wannan mako za mu duba wata magana da ke yawo a bakin samarinmu masu sha'awar ƙere-ƙere, watau batun jirgin sama wanda ba shi da farfela, ba ya shan mai, ba ya kuma ƙara, iska kurum yake turawa da ƙarfin lantarki. Shin irin wannan jirgi zai iya tsayawa cak a sama kamar yadda mai saukar ungulu ke yi? Tambayar tana da nauyi ga mutanen Kudancin Kaduna. Duk wanda ya ga yadda annobar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko cikin daminar 2023, ya san darajar ƙaramin jirgin da zai tsaya bisa kunya yana feshin magani ba tare da an tattake shuka ba.

Ga yadda abin yake aiki. Akan ɗaura siririyar waya a gaba, a sa wani faffaɗan ƙarfe a bayanta, a bar 'yar tazara tsakaninsu, kana a saki lantarki mai tsananin ƙarfi. Ƙwayoyin iskar da ke kewaye da wayar sai su ɗauki lantarki su ruga wajen ƙarfen, a kan hanya suna bangazar 'yan'uwansu. Wannan bangaza ita ke ta da 'yar iskar da ke tura jirgin. Ilmin tsoho ne, domin tun 1709 wani Baturen Ingila, Francis Hauksbee, ya lura da wannan iska. Cikin 1964 kuma Alexander de Seversky ya nuna wa mutanen Amurka wani ɗan abu da ke tashi haka, amma fa wutarsa daga ƙasa take zuwa ta cikin waya, kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Cikin 2018 Farfesa Steven Barrett da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka suka ta da jirgi mai fikafikai wanda ke ɗauke da baturansa. Faɗin fikafikansa mita 5, nauyinsa kusan kilo biyu da rabi, ƙarfin lantarkinsa bolt 40,000, ya kuma yi tafiyar mita 60 cikin wani zauren wasanni.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙarfin da ya tura wannan jirgi bai wuce na ɗaga giram 330 ba, watau bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na nauyinsa ba. Fikafikai ne suka ɗauki nauyin, kamar dai shirwar da ke shawagi bisa tashar jirgin ƙasa ta Kafancan, wadda muddin tana tafe iska na riƙe da ita. Jirgin da zai tsaya wuri ɗaya kuwa ba shi da wannan gata. Tilas iskar da yake turawa ƙasa ta ɗauki nauyinsa duka, da baturi, da na'urar ƙara ƙarfin wuta, da kuma kayan da aka ɗora masa. Wani zai ce, to a ƙara wutar mana. Busasshiyar iska tana jure wajen bolt 30,000 ne a kowane santimita, in aka haura haka sai tartsatsi ya tsallaka kamar walƙiya, turawa ta tsaya. Saura dai a yawaita wayoyi a faɗaɗa jikin jirgin, kowace waya kuwa da nata nauyi take zuwa. Har wa yau, a jirgin na Barrett, abin da ya koma tafiya daga cikin wutar baturi bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Gaskiya ne, cikin 2022 kamfanin Undefined Technologies na Jihar Fulorida ya ba da sanarwar cewa jirginsa maras matuƙi ya yi minti huɗu da rabi a sama da wannan dabara. Madalla da ƙoƙari, amma minti huɗu da rabi ko kai abincin rana gona ba zai isa ba.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Citta da damina take bukatar magani, daminar Kafancan da gindin dutsen Kagoro kuwa ba ta wasa ba ce, ga tsirarar waya mai bolt dubbai, ga laima, ga kuma ɗigon maganin da ake fesawa. Da rani ƙurar hunturu ce za ta liƙe wa wayoyin, domin da wannan dabara ce ma manyan masana'antu ke kama ƙura a bakin bututun hayaƙinsu.

Kada kuma a ruɗe mu da labarin kumbon Dawn da Amurka ta harba cikin 2007. Shi da iskarsa ya tafi cikin tanki, ƙarfin turawarsa bai fi nauyin fallen takarda ba, sai dai can ba abin da zai riƙe kada ya faɗo, saboda haka ya yi ta turawa wata da watanni.

Shi ya sa Tsaigumi, jirgi maras matuƙi da rundunar mayaƙan sama ta ƙaddamar a Kaduna cikin 2018, da jiragen Zipline da suka fara kai magunguna daga Pambeguwa cikin 2022, duk fiffike da farfela suka riƙe. A ganinmu manomin citta da ya tara 'yan kuɗinsa, mai farfela zai nema. Amma malaman kimiyya na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan za su iya haɗa ƙaramin samfuri da sillen kara da takardar gwangwani, bisa kyakkyawan tsaro domin wutar na iya kisa, ɗalibai su auna giram nawa ya ɗaga ran da aka kwana ana ruwa, giram nawa kuma ran da hazo ya sauka.